Daga Kudenda Zuwa Ƙofar Mata

A watan Disambar 2016 ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka da aka yi a birnin Alƙahira. Masu masauki, Al Ahly, su suka ɗaga kofin, Recreativo do Libolo ta Angola ta bi musu, 'yan Kano kuma suka komo gida da lambar tagulla. A shekarar ce Pillars ta maido da kambun gasar firimiya ta Najeriya, wanda ta riƙe a 2013 da 2014 kafin Mark Mentors ta Abuja ta ɗauke shi a 2015, ta kuma sake riƙe shi a 2017. Kaka ce da ta cancanci a riƙa waiwayarta, domin tun daga nan babu ƙungiyar maza daga Kano ko Zariya ko Kaduna da ta sake taka wannan matsayi a Afirka. Wanda yake son ya gane yadda aka yi ta, ba sai ya nemi bizar Masar ba. Ya isa ya tashi daga Kudenda, a kudancin kogin Kaduna, ya bi babban titi ta Zariya har ya sauka a Ƙofar Mata, tafiyar kilomita wajen 230. A kan wannan hanya da ire-irenta aka gina ƙungiyar, da wasa bayan wasa, yau a gida jibi a waje. Ina ganin rashin waɗannan tafiye-tafiye ne ya kwantar da wasan a Arewa, kuma maido da su abu ne da garuruwa ukun nan za su iya ba tare da sun jira Abuja ba.

Kudenda unguwar ma'aikata ce a ƙaramar hukumar Chikun, jingine da titin bayan gari na Nnamdi Azikiwe wanda kowa ke kira baifas. Da sassafe tireloli ne jere a ƙofar masana'antu, ta fulawa da ta kwalba da ta abin sha, ga 'yan acaɓa da Keke suna sauke masu shiga aiki, suna kwashe waɗanda suka kwana a kai. Gwari ne asalin masu wurin, amma yau za ka ji Hausa da Bajju da Ibo da Yarbanci a layi ɗaya, kuma Hausa ce harshen ciniki. Matasa sun yi yawa, fili ya yi kaɗan. Duk wani sarari da yara ke buga tamaula a kai, ba a jimawa sai ka ga an zuba bulo a gefensa. A nan ne ƙwallon kwando ke da wata fa'ida da masu tsara unguwanni ba su cika lura da ita ba. Filinta mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi. Fuloti guda mai ƙafa 50 a 100, irin wanda ake yanka wa mai gina gida, zai ɗauke shi. Filin ƙwallon ƙafa na ƙa'ida kuwa, mai mita 105 a 68, ya kai irin wannan fili 17. Unguwar da ba ta da inda za ta ajiye filin tamaula tana iya samun filin kwando a harabar makarantar firamare, ko bayan katangar kamfani, ko kusa da masallaci ko coci. Kuma da yake ana iya kewaye shi, iyayen da ba sa son 'ya'yansu mata su yi wasa a bainar jama'a suna iya yarda da shi.

Maƙwabciyar Kudenda, Kakuri, ita ce shaida ta farko cewa kamfani na iya riƙe ƙungiyar wasa a garin nan, domin an taɓa yi. Tun 1957 da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, Kakuri ta zama cibiyar masaƙu, daga baya kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo. Masaƙar UNTL ta riƙe ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai sunanta. Masana'antar ƙera makamai ta soja ta kafa DIC Bees, wadda ta koma Ranchers Bees, ta je wasan ƙarshe na gasar cin kofin kofuna ta Afirka a 1988, ta ci kofin yammacin Afirka a 1989. A ƙwallon kwando ma haka abin yake a wurare da dama. Petro de Luanda ta kamfanin man Angola ce, REG ta kamfanin lantarkin Ruwanda ce, Nigelec ta kamfanin lantarkin Nijar ce, ƙungiyoyin Ferroviário na Mozambik kuma daga ma'aikatan jirgin ƙasa suka samo asali. A Legas, 'yan matan First Bank sun ci kofin Afirka a 2003 da 2009. Wani zai ce ai masaƙun Kakuri sun mutu, kuma cikin manyan kamfanonin da suka rage a wannan yanki akwai na giya, waɗanda Musulmi da yawa ba za su yarda su sa sunansu a ƙirji ba. Duka biyun gaskiya ne. Amma ƙungiyar kwando 'yan wasa 12 ce, biyar a fili bakwai a benci, da koci da mataimakinsa da mai kula da rauni. Bas ɗaya mai kujera 18 ta kwashe su duka. Wannan bai fi ƙarfin kamfanin fulawa ko na taki ko na ruwan roba ba, kuma irinsu suna nan a tsakanin Kudenda da Kawo.

Fita daga Kudenda zuwa arewa, abu na farko shi ne gadar kogin Kaduna. Mutumin garin nan ya san abin da kogin ya zama tun bayan rikicin 2000 da na 2002: Kiristoci da yawa suka tattara suka koma kudu, Musulmi da yawa suka koma arewa, har aka wayi gari akwai matasan da suka girma ba su da aboki a ɗaya tsallaken. Filin wasa na Ahmadu Bello, mai zauren wasannin cikin gida, yana kusa da kogin ta ɓangaren arewa, kuma yana cikin 'yan wuraren da yaron unguwar Television ko Sabon Tasha ke haɗuwa da yaron Tudun Wada ko Unguwar Sanusi ba don kasuwa ba. Kada Stars, ƙungiyar jihar Kaduna, ta yi shekaru tana buga gasar firimiya a rukunin Savannah tare da Pillars da Gombe Bulls da Bauchi Nets da Plateau Peaks da Niger Potters. Ba ta yi suna kamar Pillars ba, amma muhimmancinta ba a kofi yake ba. Duk ranar da Pillars ta zo Kaduna, yaro mai shekara 14 daga Kudenda yana iya hawa Keke ya je ya ga 'yan wasan da ke wakiltar ƙasa da idonsa, ya auna tsawonsa da nasu, ya ga yadda ake tsayawa a tsaron gida. Wannan gani da ido shi ke sa yaro ya koma unguwa ya ɗaure ƙarfe a jikin bishiya.

Ana yawan cewa wasan na 'ya'yan masu kuɗi ne da 'yan boko. Baifas ɗin da kansa yana ba da amsa. Bayan Kabala West da Unguwar Mu'azu, kafin a wuce Bakin Ruwa a nufi Kurmin Mashi, ana gefen Tudun Wada, inda Kasuwar Barci take, ga kuma kasuwar Panteka. Ka kai wa mai walda a Panteka awo, ka ce zobe kake so mai faɗin santimita 45, zai lanƙwasa rodi a jikin tsohon wili, ya ɗiga masa wuta, ya manna shi a farantin ƙarfe mai huda huɗu. Kafinta ya yanko allo, a kafa turke, a auna mita uku da santimita biyar daga ƙasa, shi ke nan an yi kwando. Takalmi ne babbar matsala, kuma shi ma talaka ya san inda yake samo shi. A wurin 'yan gwanjo na Kasuwar Barci, ranar da aka fasa dila, za ka ga dogon saurayi ya tsuguna yana juya takalmi, yana danna tafinsa da babban yatsa don ya ji ko sauran ƙwari, yana tambaya, "Alhaji, babu lamba 47?" Mai kaya ya san irin waɗannan ƙafafu ba su da yawa a gari, saboda haka ko dai ya sayar da araha don ya rabu da kayan, ko ya ja farashi don ya san ba a samu a ko'ina. Gaskiyar da ke cikin ƙorafin ita ce kayan duk na waje ne. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma gwanjo da ƙwallon roba sun bi ta. Wannan ya sa wasan ya yi wa yaro shi kaɗai tsada. Ƙungiya mai uban gida ce ke sauƙaƙa shi, domin ita ke sayen ƙwallo goma a yi ta amfani da su shekara guda.

Tashar Kawo ce mashigar arewa. Ƙarƙashin sabuwar gadar sama da aka buɗe a 2022, 'yan kamasho na ta kiran "Zariya! Kano! Saura mutum ɗaya!", motocin Sharon da Golf suna cika suna tashi. A nan ne lissafin kakar wasa ke fitowa fili. A watan Mayun 2016, shekarar tagullar, gwamnati ta mai da litar fetur naira 145. Kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 tana ƙasa da 200, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 18,000 zuwa 70,000 a tsakanin, wato bai kai ninki huɗu ba, mai kuwa ya ninka kusan sau bakwai. Ƙungiyar da a da take iya zuwa Gombe ko Bauci ko Minna ta kwana biyu ta dawo, yanzu sai ta yi tunani sau biyu. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga masu cewa a daina gasar gida da waje, a tara kowa wuri ɗaya a yi mako guda a tashi. Ni kuwa akasin haka nake karantawa a cikinta. In tafiya mai nisa ta yi tsada, sai a ƙara yawan ta kusa. Titin Abuja zuwa Kano mai kilomita 375 da aka soma sake ginawa a 2018, ɓangarensa na Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano shi ya fi samun gyara. Daga Kawo ta Rigachikun da Mararrabar Jos, inda direbobin manyan motoci ke tsayawa shan shayi da cin balangu, a wuce barikin Jaji, awa guda ta kai mutum Zariya. Abin takaici ne a ce hanyar ta gyaru daidai lokacin da ƙungiyoyin suka rage bin ta.

Mai bin sawun ƙwallon kwando ba ya wuce Zariya a guje. Daga Gwargwaje da Ɗan Magaji, in an iso Kwangila, sai a ratse hagu a bi hanyar Samaru zuwa Jami'ar Ahmadu Bello. Filayen kwandon jami'ar na siminti ne, a sarari, ba rufi, amma da wuya a sami wani fili a Arewa da ya yaye 'yan wasa da masu horarwa kamarsu. Wani Ba'amurke, Oliver B. Johnson, wanda kowa ke kira Koci OBJ, ya shafe shekaru masu yawa a nan yana koyar da yaran gari da ɗalibai. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970 ya girma a Zariya, ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors da ta ci kofin NBA a 2019. Samaru tana da abin da Kudenda ba ta da shi, wato zaman lafiyar harabar makaranta, da inuwar bishiyoyi, da al'adar karɓar baƙo. Yaron da ya zo da takalminsa a leda ya tsaya gefen fili, ba a jimawa za a ce masa, "Kai dogo, shigo." Abinci ma ya fi na Kaduna sauƙi, domin ɗalibai ake yi wa: waina da miyan taushe da safe, shinkafa da wake da mai da yaji da rana, fura da nono in an tashi daga fili.

Sunan Ujiri ne ke kawo suka mafi nauyi. Masu ita suna cewa gasar gida ba ta da wani amfani, tunda duk yaron da ya yi fice Amurka zai tafi, kuma da 'yan can ake cin kofi. Suna da hujja. D'Tigers, 'yan wasan ƙasa maza, da suka ci kofin Afirka a Tunisiya a 2015, da waɗanda suka doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunci a Las Vegas a Yulin 2021, yawancinsu a waje suka koyi wasa ko suke buga shi. Haka D'Tigress, 'yan wasan ƙasa mata, da suka kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Faris a 2024. Amma a duba abin da ya yi waɗannan 'yan wasa. Raptors ta buga wasa 82 a kakar 2018 zuwa 2019, ta ci 58, sannan ta ƙara 24 a zagayen fitar da gwani kafin ta kayar da Golden State. Wasa 106 ke nan a kaka ɗaya. Abin da Amurka ke ba ɗan wasa, kafin kuɗi, shi ne yawan wasa a ƙarƙashin alƙali da agogo. Ƙwallon kwando wasa ne na daƙiƙa 24: in ƙungiya ta karɓi ƙwallo, cikin wannan lokaci za ta jefa ko ta rasa. Ba a samun damar tsayawa shawara, sai kowa ya riga ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya. Atisaye kaɗai ba ya koyar da wannan. Kuma cikin yara dubu da ke jifa a Samaru da Kaduna, ƙalilan ne za su sami biza, sauran a nan za su tsufa, su ne za su zama koci da alƙalai da malaman motsa jiki. Ujiri da kansa ya nuna ya fahimci haka, domin gidauniyarsa ta Giants of Africa da ya kafa a 2003 ta ɗauki alkawarin gina filaye 100 a Afirka. Sai dai fili ba ya shirya wa kansa gasa.

Daga Kwangila zuwa Kano tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka. Ƙasa na buɗewa, gonaki na miƙewa. A Tashar Yari, ƙasar Maƙarfi, rake ne jingine dami-dami a bakin titi, ga mazarƙwaila a faranti, yara na bin mota suna miƙowa ta taga. Kwanar Dangora ce alamar an shiga jihar Kano. Daga Chiromawa zuwa Kadawa da Kura, ruwan madatsar Tiga ya mai da wurin kore ko da rani, kwandunan tumatir jibge a Kwanar Gafan, shinkafa shanye a gefen kwalta. Mutumin Kudenda da ya saba sayen tumatir ƙwaya-ƙwaya zai yi mamakin yadda ake sayar da shi a nan lokacin kakarsa. Ga ɗan wasa kuwa, hanyar ba hutu ba ce. Mutum mai tsawon mita biyu a kujerar bas, gwiwoyinsa tokare da bayan kujerar gaba, in ya sauka sai ya yi minti goma yana miƙe ƙafa kafin jini ya koma. A haka aka riƙa zuwa wasa. Akwai masu cewa tsaro ne ya hana, suna tuna garkuwa da mutane a hanyar Abuja da harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022. Ba wanda ke zaune a Kaduna zai raina wannan tsoro. Amma hanyar Kaduna zuwa Kano ba ta taɓa daina ɗaukar 'yan kasuwar Kantin Kwari da ɗaliban jami'a da 'yan biki ba, kuma gajartarta ta sa ana iya tashi bayan sallar asuba, a buga wasa da la'asar, a kwana, a juyo da hantsi, ba tare da an yi tafiyar dare ba.

Ana tsallake gadar Tamburawa, sai Na'ibawa, sai cunkoson Kano. Masauki ya danganta da aljihu. Manyan otal suna Nasarawa, masu rangwame suna Sabon Gari da kewayenta, kuma can ne ƙungiyar da ke tattalin kuɗi za ta nufa, mutum biyu a ɗaki, a kan gadon da bai kai tsawon mai kwanciya a kansa ba. Abinci kuwa Kano ba ta barin baƙo da yunwa. Wanda ya saba da faten acca ko doya da ƙwai a kudancin Kaduna zai tarar da gurasa bandashe, an yayyafa mata ruwa, an barbaɗe ta da ƙuli da yaji, an zuba man gyaɗa da albasa, ga ɗan wake da safe, ga tsire da dare. Filin wasa na Sani Abacha yana Ƙofar Mata, daf da karofin da aka ce tun 1498 ake rini a cikinsa, kuma zauren wasannin cikin gida da ke harabarsa shi ne gidan Pillars ta kwando. Kanawa sun iya karɓar baƙo kafin wasa, da "sannunku da zuwa, ya hanya?" da ruwan sanyi, kuma sun iya hana shi sakat in an hura usur. Kirarin "Sai Masu Gida" da aka sani a filin tamaula yana shigowa zauren, inda rufi ke ninka ƙarar. Ɗan wasan da ya saba jefa ƙwallon fanareti cikin wannan hayaniya, ko cikin irinta a Jos da Gombe inda shi ne baƙon, ba zai firgita da 'yan kallon Al Ahly ba.

Ga yadda kakar take a shekarar tagullar. DStv ce ke ɗaukar nauyin gasar, an raba ƙungiyoyi rukuni biyu, Savannah a Arewa da Atlantic a Kudu, kowace ta je gidan kowace a rukuninta, sannan waɗanda suka yi fice su haɗu a zagayen 'yan takwas. Zakara da mai bi mata su shiga wasannin share fage na shiyya, daga nan sai gasar Afirka, inda ake buga wasa kusan kullum cikin kwanaki wajen goma. Pillars ta je Alƙahira da koci Sani Ahmed da 'yan wasa irin su Abubakar Usman, mutanen da suka daɗe tare, suka san juna a hanya da a fili. Ƙungiyoyin Masar da Angola da Tunisiya sun fi ta kuɗi nesa ba kusa ba, da zaurukan katako da likitoci da 'yan wasan haya daga Amurka. Abin da ya cike giɓin shi ne watannin da ta yi tana fafatawa da maƙwabta. Gwamnatin Kano ce ke biyan albashi, gaskiya ne, kuma ba za a rage mata wannan ba. Amma gwamnatoci da dama sun biya albashin ƙungiyoyin da ba su taɓa cin komai ba. Albashi na tara mutane, jadawalin da ba ya tsayawa ne ke mai da su ƙungiya.

Abin da ya biyo baya gajere ne a faɗa. A watan Yunin 2017 hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta yi zaɓe biyu a kwana biyu, ɗaya a Kano da ya ba Tijjani Umar, ɗaya a Abuja da ya ba Musa Kida. Rigima ta kai kotu, masu ɗaukar nauyi suka ja baya, gasar ta yi shekaru tana tangal-tangal, wasu shekarun ma 'yar gajeruwar gasa a gari ɗaya ce ta maye gurbinta. A 2022 gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga wasannin duniya, kafin ta sauya shawara D'Tigress sun rasa gurbinsu a gasar cin kofin duniya, Mali ta maye. Ana cikin haka NBA da hukumar FIBA suka kafa gasar BAL, aka fara a Kigali a 2021, gasar da ke da kuɗi da talabijin da 'yan leƙen hazaƙa, irin dandalin da Pillars ta 2016 ta cancanta. Daga 2021 zuwa 2025 Rivers Hoopers ta Fatakwal da Kwara Falcons ta Ilori ne suka wakilci Najeriya, Hoopers ma ta zo ta uku a 2024. Babu ƙungiyar Kano ko Kaduna ko Zariya da ta taka filin. Tsawon yaran Arewa bai ragu ba a shekarun nan, filayen Samaru ba su tashi ba, zauren Ƙofar Mata yana nan. Abu ɗaya da ya canza shi ne yawan wasan da ake bugawa.

Saura masu cewa ana fama da abin kai wa baki, wa ke ta ƙwallo. Ba na ce a ɗebi kuɗin asibiti a sayi riguna ba. Abin da hanyar nan ke nunawa ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada da abin da ake kashewa a bikin buɗe gasa ɗaya. Ƙungiyoyi shida zuwa takwas sun isa: biyu ko uku a Kaduna, aƙalla ɗaya daga kudancin kogi da sunan wani kamfanin Kudenda ko Kakuri a ƙirjinta, biyu a Zariya da jami'a da kwalejojin garin za su riƙe, biyu ko uku a Kano. In takwas ne, kowace ta je gidan kowace, wasa 14 ke nan ga kowace ƙungiya, a ninka zagayen ya zama 28, duk ranar Asabar, daga ƙarshen damina zuwa bazara. Mafi nisan tafiya awa uku ce, yawanci ma ba sai an kwana ba, in kuma layin dogon Kaduna zuwa Kano da aka soma a 2021 ya kammala, dogayen ƙafafu sun huta da bas. Hukumomin wasa na jihohin biyu su ba da zaure da alƙalai, kamfanoni su ɗauki mai da abinci da ɗan alawus, Panteka ta ƙera kwanduna. Irin wannan gasa ba ta hana kowa shiga ta ƙasa, kuma ba ta tsayawa don an yi zaɓe biyu a Abuja. Ƙungiyar da ta fito daga cikinta za ta isa zagayen 'yan takwas da wasa 28 a ƙafarta, kamar yadda Pillars ta isa Alƙahira da kaka guda cur a bayanta.